Turaren da Na Hana Abokina

Ko tsufa ya cinye ni, ba na jin zan manta ranar da na hana abokina turare.

Lokacin ina tsaron wani ɗan shagon turare a unguwar Mansur, cikin Makka. Makka cike take da mutane, amma ni mutum ɗaya gare ni, wani direban tasi ɗan garinmu. Da shi kaɗai nake hira har in yi dariya. Kullum sai ya sayi kolonya, turaren nan mai arha mai ƙamshin lemon tsami, har tsiya nake masa: "Kai kuwa wanka kake yi da shi?" Ashe sha yake yi. Giya ba ta samuwa a garin, shi ne ya koma wa wannan.

Ran nan bayan la'asar ya shigo yana tangaɗi, idanu jajir, ƙamshin daga bakinsa yake fita ba daga rigarsa ba. A waje ga motarsa, da wata tsohuwa da jikokinta a ciki, suna jira ya kai su Jidda.

"Ba ni biyu, yalla, sauri nake."

Na ce, "Yau babu, ɗan'uwa."

"Ga su can bayanka!"

"Na gan su. Ba zan sayar maka ba."

Ya ajiye makullin mota kan kanta yana laluben aljihu, na yi wuf na ɗauke. Na fita na ce wa tsohuwar, "Hajiya, motar ba lafiya," na tsayar mata da wata tasi. Shi kuwa ya wanke ni tas, har da gorin shi ya tarbe ni ranar da na sauka ban san kowa ba. Gaskiya ya faɗa. Ban kira 'yan sanda ba, don na san ƙarshenta korarsa za a yi daga ƙasar. Na zaunar da shi bayan shago har barci ya kwashe shi. Da ya wartsake ya karɓi makullinsa, ya ce, "Kalas, ni da kai an gama."

Ya kuwa cika maganarsa. Na yi kuka a ɗaki, ba zan ɓoye ba, kaɗaici a ƙasar mutane ba wasa ba ne. Har yau yana gari, in mun haɗu sai ya kau da kai.

Abin da na koya shi ne, wanda ya miƙa wa direba kwalba, shi ma hannunsa na kan sitiyari. Gara abokinka ya wuce ka babu gaisuwa, da ka tsaya a sahun jana'izarsa.