Labulen Bodil

A unguwarmu ba a rataya labule a tagar kicin. Gidajen duk suna fuskantar hanya ɗaya, wanda ya wuce sai ya ɗaga wa mai wanke kwanuka hannu. Da yamma kuma a haɗu a babban ɗakin cin abinci, kowa da ranar girkinsa.

Bodil ta zo mana bayan ta bar aiki a masana'antar kifi. Wata ƙungiyar taimako ce ta gina ƙananan gidaje a tsakaninmu don masu ƙaramin ƙarfi, ita ta samu na ƙarshen layi. Ranar da ta tare, kafin ta shimfiɗa gado, sai da ta rataya wani labule mai kauri, kore shar.

Abin ya ɓata mana rai, ba zan ɓoye ba. Troels, maƙwabcinta mai baki kamar reza, ya tare ta a wurin cin abinci.

"Bodil, zinariya kike ɓoyewa ne, ko mu ne ba kya son gani?"

"Fuskarka ce, Troels. Da sassafe ba ta ganuwa."

Muka yi dariya, muka ƙyale ta. Ƙwallon dakakken kifin da take yi mana ranar girkinta gishiri ya yi masa yawa, amma yara har faɗa suke yi a kansa. Muka saba da ita, muka saba da labulen: gari na wayewa za ta yaye shi, ta harari duk mai wucewa.

Wata safiya cikin hunturu, Troels ya wuce ya ga labulen a sake. Ya dawo daga kai jikarsa makaranta, labulen yana nan yadda yake. Ya kira ni, muka tura ƙofa. Tana kwance a ƙasan banɗaki, ƙugu ya karye, jikinta sanyi ƙalau. Na tsorata ƙwarai.

A asibiti ne ta gaya mana cewa a benen da ta baro, wata maƙwabciyarta ta mutu a ɗaki, ba wanda ya sani sai da wari ya fito.

"Ku tagoginku kullum a buɗe suke," in ji ta. "In kun faɗi, wa zai gane?"

 Ranar da aka sallamo ta, ta tarar da labule a tagar Troels, ja, an rataya shi a karkace.