Maman Christy da Iskar Kwalba

Da asuba, kafin biyar da rabi, lokacin da nake fita aikin safe a masaƙa a Kakuri, nakan tarar da Juliana durƙushe a bakin rariyar tsakar gida. Fitilar ƙwai a gefenta, baho cike da ruwa a gabanta, littafi a buɗe ta danne shi da dutse. Ba wanki take yi ba. Abin da za ta koya wa 'ya'yanta da hantsi take gwadawa ita kaɗai tukuna, don kada bakinta ya faɗi abin da hannunta bai tabbatar ba. Yau kyandir da kwalba, gobe gishiri da cokali. Mu gaisa a taƙaice, in wuce.

Shekara huɗu muka zauna gida ɗaya a Sabon Tasha, gidan haya mai ɗaki tara da rijiya ɗaya. Maman Christy muke ce mata. Mijinta Jethro direban tanka ne, yana ɗauko mai daga matatar Rido, sai ya yi kwana goma ba a gan shi ba. 'Ya'yansu biyu mata, Christy mai shekara goma da Irene mai bakwai. Christy sikila ce. In ciwon ya tashi, gaba ɗaya gidan muna jin kukanta, kuma duk Talata ta farkon wata uwar takan kai ta asibiti a duba jininta a ba ta magani.

A 1985 Juliana ta cire yaran daga makaranta. Dalili biyu ne. Malamai sun fi zama a gida fiye da aji, yau yajin aiki, gobe ba alli. Sannan wani sabon malami ya zane Christy saboda fashin mako biyu, alhali a gadon asibiti ta yi su. Juliana ba ta je ta yi masa hayaniya ba. Ta nemi falanki, ta shafa masa baƙin fenti, ta jingina a barandarta. Niyyarta ta koyar da su da kanta har Christy ta zauna jarrabawar shiga sakandare.

Lissafi da Turanci ba su dame ta ba. Kimiyya ce ta tsaya mata, domin ta san yadda ake lalata ta. Iyakar karatunta aji biyu na sakandare, amma ta yi shekara shida tana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na wata makaranta kafin a rage ma'aikata. Ta gaya mini a can ta ga malamin da zai cika allo da rubutu tun safe, kayan gwaji na kulle a kabad, yara su gama makaranta ba su taɓa kunna ko ashana ba. Na gane abin da take nufi. A masaƙa ma muna da injiniyoyi masu takarda waɗanda in inji ya tsaya sai su koma bayanmu su tsaya.

Littattafai uku suka zo hannunta. Na farko matar Fasto ce ta kawo, wata Baturiya ta bari a coci, na iyayen da ke koyar da yara a gida ne a ƙasarsu. Takarda mai sheƙi, hotuna kamar ka taɓa. Na biyu Ernest ne ya saya, wan Jethro, akawu a Kudenda: ƙaramin littafin tambaya da amsa da ake sayarwa a kasuwa, yaro ya haddace ya ci jarrabawa. Na uku wata malama ce ta ara mata, na sabuwar manhajar gwamnati, bangonsa ya cire, takardarsa kamar ta ƙunshin ƙosai.

Kowa ya ba ta shawara, ba ta yi gardama da kowa ba. Ta ba kowane littafi mako guda. Na Baturiya ya ce a fita a debo dusar ƙanƙara a kofi, a kuma tara ganyen wasu itatuwa da ko sunansu ba mu taɓa ji ba. Ta ajiye shi, ta ce yara su riƙa kallon hotuna ranar Lahadi. Na Ernest, cikin kwana huɗu Irene ta haddace shafi uku, amma da uwar ta tambaye ta ina ruwan da ya bushe a kan dakali ya tafi, sai ta ce littafin bai faɗa ba. Na uku shi ne mummuna, amma kowane babi da aiki yake farawa, kuma kayan aikin duk suna gidanmu: gwangwanin madara, zare, wake, madubi. Shi ta zaɓa. Ernest ya ji haushi, matar Fasto ta ce ta raina kyauta. Juliana ta yi musu godiya, ta ci gaba da abinta.

Yadda take yi, ta karanta Turancin ita kaɗai, ta gwada, sannan ta faɗa wa yaran da Hausa, domin da ita suke wasa, da ita suke faɗa. Sai sun gane take ba su kalmar Turancin su rubuta. A nan matsalar ta ɓullo.

Cikin watan Agusta, ruwa na zuba kusan kullum, uwar Jethro ta zo daga ƙauyensu na wajen Zonkwa. Mama Larai tsohuwa ce mai ƙarfi, mai son jikokinta, kuma tun haihuwar Christy ba ta yarda da maganar asibiti ba. A wurinta yarinyar da ciwo zai kama da daddare ya sake ta bayan kwana uku, ba jini ba ne, taɓin iska ne. Ta zo kuwa daidai makon da suka kai babin iska.

Ran nan na dawo daga aiki da la'asar, ina wanke ƙafa a bakin rijiya, Christy ta rugo wurin kakarta da murna.

"Kaka, ashe akwai iska a ƙirjina. Mama ta nuna mini. Na hura ta cikin kwalba, mun toshe."

Tsohuwa ta ajiye tiren waken da take tsincewa. Ta tambayi yarinyar wa ya gaya mata haka. Christy ta ce Mama ce, kuma ta ce iska tana ko'ina, har ƙarƙashin gado, ba a ganinta amma tana ture abu. Mama Larai ta tashi ta duba tagar ɗakin. Kwalabe biyar a jere, babu komai ciki, kowace an toshe bakinta da totuwar masara.

Ta aika aka kira Ernest, aka bar wa Jethro saƙo a tashar tankoki. Kafin kwana biyu maganar ta zaga gidan: Maman Christy da bakinta ta amsa cewa 'yarta na da iska, tana kuma ɗure ta a kwalba. Matar da ke ɗaki na shida ta hana 'ya'yanta zuwa barandar. Mama Larai ta haɗa kayan Christy a jaka, ta ce ranar Asabar za ta tafi da ita ƙauye wurin wani mai magani, sai an raba ta da abin za ta dawo. Tafiyar da ba ranar dawowa, ga damina, ga shi babu asibiti kusa.

Jethro ya iso ran Juma'a da yamma. Mutumin kirki ne, amma a gaban uwarsa ba shi da baki. Aka zauna a tsakar gida, mu maƙwabta kowa ya sami aikin yi a ƙofar ɗakinsa. Ernest ya yi dogon jawabi. Ya ce shi ya san ba wani aljani a kwalba, amma laifin Juliana ne, da ta bi littafinsa da Turanci da duk wannan bai faru ba. Ya ce a bar Mama ta tafi da yarinyar ko wata ɗaya ne, hankalinta ya kwanta. Juliana ta bar shi ya gama. Sannan ta ce a ba ta minti biyar.

Ta ɗauko bahonta. Ta cusa takarda a gindin tambulan, ta kifa shi cikin ruwa har ya nutse, ta ciro, ta miƙa wa tsohuwa takardar a bushe ƙarau. Ta ce iska ce ta hana ruwan shiga.

Kuskure ne, kuma nan take Juliana ta gane. Mama Larai ta ja da baya da kujerarta, ta ƙi karɓar takardar.

"Kun gani da idonku," in ji ta. "Jethro, ka gani. Abu cikin ruwa bai jiƙe ba, kuma ita da kanta ta faɗi wanda ya tsare shi."

Jethro ya sunkuyar da kai. Ernest ya ce to an gama. Na ɗauka shi ke nan, yarinya ta tafi.

Juliana ta tsaya riƙe da tambulan tana kallon tsakar gidan, kamar mai neman abin da ya faɗi. Idonta ya tsaya a kan kekena da ke jingine a bango, tayar baya a sace tun shekaranjiya.

"Malam Ayuba, ka yi facin nan?"

Na ce ban yi ba. Ta ce in ciro mata tif ɗin, in kawo famfo. Na ciro na kawo. Ta durƙusa gaban surukarta, ta haɗa famfon da bakin tif, ta ɗora hannun famfon a cinyar tsohuwa.

"Mama, don Allah ki buga mini. Hannuna ya gaji."

Mama Larai ta san famfon keke. Marigayi mijinta ya yi shekara talatin yana hawan keke zuwa kasuwar Zonkwa, kuma ta gaya mana daga baya ita ke buga masa taya duk ranar kasuwa. Ta harari Juliana, amma ta kama, ta buga, da gwaninta kuwa. Tif ya kumbura. Juliana ta nutsa shi cikin baho tana juyawa a hankali, yadda kowane mai faci yake yi a bakin titi, har aka zo kan hujin. Ƙananan kumfa suka taso a jere. Ta kawo tambulan cike da ruwa, ta kifa shi a kansu. Kumfan suka riƙa hawa ciki, ruwan yana sauka, har tambulan ya koma wayam. Ta ce wa tsohuwa ta duba, abin da ke ciki yanzu wa ya sa shi.

Mama Larai ta dubi tambulan, ta dubi famfon da ke hannunta.

"Wannan ai iskar keke ce."

"Ita ce, Mama. Ita ce a kwalaben, ita ce a ƙirjin Christy, ita ce a naki."

"To me ya hana ki ce iskar keke tun farko? Sai ki ce iska, iska, a gidan da yarinya ke kwance?"

Juliana ta ce ta yi kuskure, Mama ta yi haƙuri. Wani ya yi dariya daga ɗaki na shida. Tsohuwa ta juya kan Ernest, ta ce shi da ya yi boko yana zaune yana zuba Turanci, bai iya gaya mata abin da ko mai faci ya sani ba. Ta sa aka kawo kwalaben, ta cire totuwar ɗaya bayan ɗaya da hannunta, tana shinshinawa.

Kada a ce na ƙara gishiri, ba ta canza ra'ayinta kan ciwon ba. Ta ce har gobe ita ta san abin da ta sani. Amma ta ce uwar da ke tashi da asuba saboda 'ya'yanta ba za ta cuce su ba, a bar yarinya wurinta. Sharaɗinta ɗaya, muddin tana gidan, in ana karatu a ce iskar keke. Haka aka yi. Ranar Asabar Ernest ya raka ta tasha ita kaɗai, kuma bayan tafiyarta ma yaran ba su daina faɗin haka ba. Na ji Irene tana gaya wa wata ƙawarta cewa wuta ba ta ci sai da iskar keke.

Ban ga ƙarshen karatun ba. A watan Oktoba aka rage mu a masaƙa, na sami aikin gyaran inji a Zariya. Ban sani ba ko Christy ta ci jarrabawar, kuma ba zan ƙirƙira ba. Abin da na sani, ranar Talatar farkon Oktoban an kai ta asibiti kamar kullum, ta dawo da ƙafarta.

Ranar da nake loda kaya a akori-kura, Juliana ta zo ta ce in akwai ƙusa a akwatin aikina in ba ta uku, sababbi, sun kai babin tsatsa. Na ba ta. Ta koma baranda inda yaran ke jiranta da gwangwani uku. Ta miƙa wa Christy ƙusa ɗaya ta jefa a ruwa, Irene ta jefa ɗaya a man gyaɗa, ta ukun aka bar ta a busasshen gwangwani. Direba ya tayar da mota. Da na waiwaya, Juliana ta ɗauki gawayi tana rubuta kwanan wata a bango, saman gwangwanayen.