Anti Corliss, Mai Tambayoyin Alhamis

Duk ranar Alhamis, da an gama cin abincin rana a zauren tsofaffi na unguwarmu a garin Hilo na ƙasar Amurka, Anti Corliss Nakagawa za ta shigo da lemarta tana ɗigar ruwa, ta ƙwanƙwasa tebur da cokali, ta ce, "Kowa ya sa na'urar kunnensa, ba na maimaita tambaya." Daga nan sai ta yi ta maimaitawa har muryarta ta dushe, don rabinmu a gida muka baro na'urar.

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan tana shirya mana gasar kacici-kacici, ba wanda ya sa ta. Tarihin Amurka, littattafai, fina-finai, wasanni, waƙoƙi, babu inda ba ta kai mu. Kyautar wanda ya ci kuwa gwanda ce daga bayan gidanta, amma in ka ga yadda muke tayar da jijiyar wuya sai ka rantse mota za a raba.

Rannan ta tambaya wace ƙasa ce ta sayar wa Amurka da Alaska. Kawu Wendell, tsohon ɗan kwana-kwana, ya miƙe ya ce Kanada.

"Rasha," in ji Anti.

"Haba Anti! Na ga taswira, manne take da Kanada!"

"Kai ma kullum manne kake da firijin zauren nan, naka ne? Zauna, Wendell."

Sashen waƙoƙi ne dai abin tsoronmu. Tun da rediyon zauren ya mutu, ita ke rera waƙar da bakinta, mu kuma mu canki sunanta. Muryar Anti kuwa sai ka ce ana jan ƙofar gareji mai tsatsa.

To, akwai Manuel Baptista, wanda ya yi rayuwarsa yana kaɗa jita a gidajen biki. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, magana ta ɗauke. Matarsa Dolores takan turo shi a keken guragu, ya zauna yana kallon bango. Da yawanmu mun daina ko gaishe shi, don ba mu san me za mu ce ba. Anti ce kaɗai ba ta fasa ba. Kowane mako sai ta sa shi cikin rukuni, ta jefa masa tambaya, ta tsaya tana jira kamar yanzu zai amsa.

Wata Alhamis Anti ta ɗauko wata tsohuwar waƙar rawa, ta shiga yi mata kisan gilla. Muka ga fuskar Manuel ta yamutse. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya daki tebur.

"Corliss," ya ce da ƙyar, "kin... kashe... waƙar nan."

Sai ya rera ta a hankali, yadda take. Dolores ta kifa kai a kafaɗarsa tana kuka. Anti ta goge tabarau ta ce, "Amsa daidai. Amma na cire maki ɗaya na rashin kunya."

Daga baya Dolores ta gaya mana cewa Anti ta kira ta a waya, ta tambayi waƙar da aka kaɗa ranar aurensu, ita ce kuwa ta rera mana rannan. Wasu na cewa da gangan ta ɓata ta. Mu da muka san muryarta mun san ba sai ta yi da gangan ba.

Anti, ke ce kika hana mu zama jiran likita da jiran mutuwa. Ke ce kika sa zawarawa yin kwalliya ranar Alhamis, kika sa tsofaffi masu taurin kai leƙa laburare don kada su sha kunya. Uwar gardama, mai raba faɗa da tsawa!

Yanzu idonta ya raunana, za ta koma wajen 'yarta a garin Kona. Ranar ban kwana muka ce yau ita za a yi wa tambaya. Babban birnin jihar Kentucky? Ta ce Louisville, alhali Frankfort ne. Muka yi ta jero mata, ba ta ci ko ɗaya ba.

"Me kuke kallona?" ta ce. "Ni aikina tambaya. Wa ya ce muku na san amsa? Karantowa nake yi!"

Mun gode, Anti Corliss. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa ki ji daɗin Kona.

Saura mu. Shugabar zauren ta ce in ba wanda ya gaji kujerar nan, za a mayar da Alhamis ranar motsa jiki. Don haka duk mai iya karatu da ƙarfi, mai jure gardama, mai son mutane, ya taimaka ya fito. Ilimi ba sharaɗi ba ne, mun gani da idonmu.