Hannun Rigar da Mai Keke Ta Ƙi Farkewa

Da sunan Allah. Ita wannan baiwar Allah, Mai Keke ake ce mata, saboda keken ɗinkinta, irin na da mai takawa da ƙafa, wanda in tana aiki tun daga bakin famfo ake jin ƙararsa. Shagonta ɗaki ɗaya ne a ƙarshen layi, daidai inda kwalta ta ƙare. Benci guda, madubi mai tsagewa a gefe, labulen da ake shiga baya a gwada kaya, sai dardumar sallarta a naɗe bisa akwatin zare. Shekara talatin da wani abu tana nan. Da keken nan ta raini 'ya'ya huɗu, da shi ta yi jinyar mijinta har Allah ya karɓi abinsa, Allah ya jiƙansa.

Ba ta yi boko ba, tef ɗin gwaji in kin ba ta sai dai ta ɗaure tsintsiya da shi. Nata gwajin daban ne. In mace ta kawo yadi, sai ta yanki siririn ƙyalle a gefensa, ta gwada kafaɗa ta yi ƙulli, ta zagaya ƙirji ta yi ƙulli, wuyan hannu ƙulli, tsawo ƙulli, ta rataye a ƙusa. Bangon shagon duk ƙyallaye ne suna reto. Da ganin launi ta san mai shi. Kuma duk shekarun nan ba a taɓa dawo mata da riga an ce ta matse ba. Abin alfaharinta ke nan, Allah ya yafe mana, kowa da nasa.

Yayarta ce ta koya mata ɗinki, kafin ta rasu da tsohon ciki. Lokacin Mai Keke ba ta fi shekara sha biyar ba. Abin da ta riƙe, Yaya ta cika ta yi fam, fuska ta yi suntum, zobe ya ƙi fita, mata suna ta cewa, masha Allah, cikin nan ya karɓe ki. Rannan da hantsi ta faɗi tana jijjiga, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Aka ce kwana ne ya ƙare. Kwana kam ya ƙare, wannan ba musu.

To akwai ƙaramin asibiti a tsallaken babban titi, akwai ungozoma a ciki, wata doguwa, Sista kowa ke ce mata. Ita ta lura matan ƙarshen layin nan ba sa zuwa awo, sai dai a kawo su ranga-ranga abu ya riga ya ɓaci, alhali matan ma'aikata tun ciki na wata uku suna bisa benci da katinsu. Wata rana ta kawo wa Mai Keke farar rigarta aljihu ya yage, ta tarar da benci cike da mata suna jiran ɗinki suna zuba hira. Ta zauna. Alhamis ta zagayo, ga ta da wata rigar, maɓalli ya cire. Ta uku Mai Keke ta ce, "Sista, ke kullum sai kin yaga wani abu? Zo ki zauna kawai, ba mai korar ki."

Shi ke nan duk Alhamis sai ta zo. Ba wa'azi take yi ba, hira ce, a tambaye ta ta amsa, a yi mata tsiya ta rama. Ranar da ta ce, "Kumburin ƙafa ana yi, amma in kun ga mai ciki hannu ya kumbura, fuska ta tashi, ga ciwon kai, ido yana ganin wuta-wuta, kada ta kwana a gida," ƙafar Mai Keke ta tsaya bisa keken. Da mata suka watse ta ba Sista labarin Yaya, ta ce, "Da an kai ta fa?"

Sista ta ce, "Rai na Allah ne, Inna. Amma mun sha ganin irinta sun tashi sun koma gida da ɗansu a hannu."

Mai Keke ta shimfiɗa darduma, ta daɗe tana yi wa Yaya addu'a, sannan ta koma kan aikinta.

Akwai kuma ƙawarta, Uwar Makaniki, tun suna amare suke layi ɗaya. Mace ce mai kirki, in ba ki da lafiya ita za ta fara zuwa, amma bakinta, Allah ya shirya. Tara ta haifa, duk a ɗakinta, kuma ba a yin awa guda da ita ba ta faɗa ba. Wata Litinin da safe sai ga ta fuu, riga a kafaɗa, matar ɗanta na biye da ita a hankali da cikin wata takwas. Ita matar ɗan, shekara biyu da aure amma har yau Amarya ake ce mata, mai sanyin hali, in ba ki tambaye ta ba ba za ki ji muryarta ba.

"Ke Mai Keke, tsufa ya zo! Idon ne ya tafi, ko yadin kika rage kika yi wa jikarki hula?"

"Wa alaikumus salam. Sallamar taku ke nan a gidanku?"

"Bar zancen sallama. Kwana tara da ɗinki, hannu ya ƙi shiga. Jiya da ƙyar muka zare mata, kamar muna fiɗar akuya. Farke ki ƙara."

Mai Keke ta miƙa hannu ta sauko da ƙyallen Amarya, shuɗi mai ɗigon fari. Ta ɗora a hannun rigar, daidai, har da ɗan sararin da take bar wa masu ciki. Ta ce, "'Yata, miƙo hannunki." Ta zagaya. Ƙullin bai kai ba, saura kusan yatsa biyu.

Sai a lokacin ta ɗaga kai ta dubi yarinyar da kyau. Fatar ido ta yi nauyi. Zoben hannunta ya nutse cikin yatsa. Ta danna bayan hannun da babban yatsanta, ta ɗaga, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa.

"Kanki yana ciwo?"

Amarya ta saci kallon surukarta. "Kaɗan."

"Kaɗan ɗin kwana nawa?"

"Yau uku."

"Idonki fa?"

"In na tashi tsaye sai in ga abu yana walƙiya."

"Haba 'yar nan, kika yi shiru?"

"Na ɗauka haka ciki yake, Inna."

Uwar Makaniki ta ce, "Ai haka yake! Ƙiba ce, ni nake ciyar da ita da hannuna. Ba ki ga yadda cikin ya karɓe ta ba?"

Mai Keke ta ce, "Ƙawata, mu kai ta wurin Sista. Yau."

"Ba ga Alhamis nan ba? In ta zo ta gan ta."

"Alhamis ta yi nisa."

"Ni fa ba na taka asibitin nan. Shekarun baya na raka ƙanwata, tun safe muna benci, masu leshi suna zuwa suna wucewa ciki. Wata ma'aikaciya sa'ar 'yar cikina ta dube ni ta ce, ke tsohuwa matsa can. Ni! Tara na haifa ba wanda ya auna ni. Ke dai kin ɓata ɗinki kina neman inda za ki rataya laifi."

Mai Keke ta san halin ƙawarta kamar yunwar cikinta. In kin roƙe ta, sai ta ƙara taurin kai. In kin tsorata ta, sai ta ce mugun baki kike yi wa jikanta, ta ja yarinya su tafi, ba za ki sake ganin su ba sai an yi sati. Abu ɗaya ne ba ta iyawa, ta bar musu ba ta ci ba.

Sai Mai Keke ta ninke rigar ta miƙa mata. "Ba zan farke ba."

"Me kika ce?"

"Ɗinkina ba shi da laifi. Mu je Sista ta raba mu. In ta ce ƙiba ce, to ni ce ban iya bar wa mai ciki wuri ba. Zan tsaya a bakin famfo gaban matan layin nan kaf, in ce hannuna ya lalace, ke kika kama ni."

Idon Uwar Makaniki ya yi haske. "Da bakinki?"

"Da bakina."

"Da safe, lokacin da aka fi cika?"

"Ke za ki zaɓi ranar."

"Amarya, gyara gyalenki. Shekara talatin nake jiran wannan rana."

Mai Keke ta rufe keken da zani, ta ja ƙofa. A ranta kuwa cewa take, ya Allah ka sa ni ce zan ji kunya. Ka sa ƙibar ce, in tsaya bakin famfo a yi mini dariya.

Suka bi ta garejin mijin Amarya, makanikin. Ƙafafunsa kawai ake gani a ƙarƙashin wata mota. Ya leƙo, baƙin mai har goshi. "Mama, lafiya na gan ku a jere?"

"Shari'a za mu je. Tashi ka kai mu."

Ya dubi matarsa, ya dubi Mai Keke. Mai Keke ta ɗan girgiza masa kai, alamar ba lafiya ba. Bai ƙara tambaya ba, ya tayar da motar da yake gyara, wadda ƙofar bayanta da waya aka ɗaure, suka shige.

Asibiti cike, benci ba wurin zama, ga layi a tagar kati. Uwar Makaniki ta ce, "Kin gani ko? Sai la'asar." Mai Keke ba ta bi ta tagar ba, ta nufi ƙofar ɗakin awo. Mai ba da kati ta ce, "Baba, layi ake bi." Ita kuwa ta ɗaga murya, ita da ko a shagonta ba a jin ta sama da keke, ta ce, "Sista! Hannu da fuska da ciwon kai!"

Labule ya ɗaga. Sista ta dubi Amarya sau ɗaya, ta kama hannunta ta shigar da ita, ta ce su ma su shigo. Ta ɗaura mata abin awon jini a damtse, ta matsa, ta duba. Ta sake. Fuskarta ba ta canza ba, amma hannunta ya ƙara sauri. Ta sa aka gwada fitsari, ta kwantar da ita ta gefen hagu, ta yi mata allura, ta aika a kira motar asibiti.

Uwar Makaniki tana tsaye da riga a hannu. Muryarta ta ragu. "To Sista, ƙiba ce ko ɗinki?"

Sista ta jawo kujerarta ta kanta ta ce, "Zauna, Mama." Ta durƙusa kusa da ita. "Ba ƙiba ba ce, ruwa ne ya taru. Jininta ya hau sosai, irin wanda ke kawo jijjiga. Amma kun zo a kan lokaci, na sa mata maganin da zai tare. Za mu wuce babban asibiti, tare da ni. Haihuwa nawa kika yi?"

"Tara."

"Masha Allah. To kin fi ni sanin fuskar mace in abu ya canza. Ki zauna kusa da kanta a mota, ki riƙa yi mata magana. Kika ga wani abu, ki gaya mini."

Tsohuwa ta ajiye rigar a ƙasa ba ta ma sani ba. Ta je ta kama hannun nan mai kumburi ta riƙe, bakinta yana motsi da salati. Mai Keke ba ta bi su ba, motar ba wuri. Ta tako da ƙafa ta dawo shago, ta yi azahar, ta zauna gaban keke, ranar ko zare ba ta iya sa wa allura ba.

Kwana biyu aka yi ana saukar da jinin, rana ta uku likita ya ce a sa mata naƙuda. Allah cikin ikonsa ta sauka lafiya, mace, 'yar mitsitsiya, amma muryarta, ma'aikatan suka ce har ofishin likita ana ji. Aka ce ai ba a tambayar wa ta gado. Suka ƙara sati aka sallame su.

Da suka dawo Mai Keke ta shiga barka da yamma. Tun daga ƙofa ta ji muryar ƙawarta a tsakar gida, mata sun kewaye ta.

"Ni fa ina ganin hannun yarinyar nan na ce a'a, wannan ba ƙiba ba ce. Tara na haifa, za a gaya mini? Na ce tashi mu tafi. Sista da kanta ta ba ni kujerarta. Ga Mai Keke nan, ku tambaye ta, a gabanta aka yi."

Mata suka juyo. Mai Keke ta cire takalminta a nutse ta ce, "Tare muka je kam. Ina baƙuwar?"

Ta shiga ɗaki. Amarya tana zaune bakin gado, fuska ta saɓe, ta koma 'yar siririyarta. Ta ce ƙasa-ƙasa, "Inna, kin ji abin da take faɗa?"

"Na ji. Bar ta. Yanzu duk mai cikin da ke layin nan ta shiga uku, sai ta kai ta awo ko da a goye ne. Ba ni baƙuwar."

Ta karɓi jaririya ta ɗora a cinya, ta yi bismillah, ta tofa mata addu'a, tana duba 'yan yatsun nan ɗaya bayan ɗaya. Can sai ta ji ɗumi yana bin zaninta. Ta ɗaga yarinyar ta duba, ta fashe da dariya har da hawaye.

"Ke ma? To na gode. Amarya, ara mini zani, ga magariba ta kawo jiki."