Hannun Ya Dawo, Goyon Ya Wuce

Kun sha tambayata me ya sa a duk hoton da na sa nan hannuna na dama yana cikin mayafi. Na yi shiru da maganar tun kafin a haifi yawancinku. Yau zan faɗa, ko zuciyata ta huta.

Lokacin da kuɗin man fetur ya cika ƙasa ne, mijina yana tuƙa tifa a aikin titi wajen Ƙanƙara. Na haifi 'yar fari, na tafi wankan jego gidanmu a 'Yargoje. Tafasasshen ruwa safe da yamma, ga kunun kanwa ba iyaka.

Ciwon kai ya fara, ƙafafu suka kumbura. Aka ce ai jego ne.

Wata safiya ina ba jaririyar nono, sai ta zame daga hannuna ta faɗo kan cinyata. Na buɗe baki in kira Inna, magana ta fito a karkace.

A asibiti a Zariya aka auna jinina, aka ɗebi fitsari, aka haska idona. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye mani ɓarin jiki. Gado da magani kyauta ne a zamanin, kuɗin mota ne ya ci awakina. Ban ji tsoron mutuwa ba kamar yadda na ji tsoron hannun nan da ke kwance gefena kamar na wata.

Wata ma'aikaciyar gashin ƙashi ta koya mani in riƙa buɗe yatsun da hannun hagu, in dafa tabarma, in tsinci wake ɗaya-ɗaya.

Ta ce, "Kullum fa. Watannin farko su ne kasuwar. In ta watse, sai abin da kika tsinta."

Ina kwance a can, yayar mijina, Yaya Hajo, ta tafi da jaririyar Sabuwa don ita ma tana shayarwa. Mijina ya ce, "Ran da kika iya ɗaura goyo, sai a maido maki ita."

Na koma 'Yargoje da ƙarfin zuciya. Inna ta shigo ta tarar da ni da faifai da wake.

"Mi kike haka? Masu dubiya su iske ki kina tsintar wake, a ce ban iya jinyar ɗiyata ba?"

Ta kwashe faifan, ta ɗaure mani hannun a ƙirji da kallabi. Ita ke ba ni tuwo a baki, ita ke yi mani wanka. Ko buta ba ta bari in taɓa.

Na ce, "Inna, an ce in riƙa motsa shi."

"Su suka haife ki? Kwanta."

Ban iya cewa don yarinyata nake sauri ba. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na kamawa, balle in nuna ina kewarta. Sai na kwanta ina cin haushi.

Damina ta wuce kafin a bar ɗaure shi. Yatsu sun dunƙule, kafaɗa tana zafi kamar an zuba garwashi. Da na koma asibiti, matar nan ta juya hannun, ta dube ni, ta ce, "Wa ya ɗaure shi?"

A ɗakin mijina na sake farawa, inda babu mai lallaɓa ni. Nakan ɗora matashi a baya in yi ta kokawa da zane. Ya faɗi, in ɗauka, in yi kuka, in sake. Wata rana, bayan kusan shekara biyu, zanen ya zauna daram.

Na hau mota sai Sabuwa. Na tarar da yarinyar tana gudu a tsakar gida. Na durƙusa, na juya mata baya, na ce, "Hau."

Ta ruga ta riƙe zanen Yaya Hajo. "Umma, wace ce wagga?"

Gida ya ɗauki dariya. Ni ma na yi, don kunya.

A can ta girma, a can aka aurar da ita. Har yau da "Yaya" take kirana.

Alhamdulillahi, hannun yana riƙe cokali, yana jan carbi, duk da yatsu biyu sun ƙi miƙewa. Allah ya saka wa ma'aikaciyar nan. Allah ya jiƙan Inna, da ƙauna ta yi, na yafe mata, amma ɗacin bai fita ba.

Mai jego in kai ya dame ki, je ki auna jini. In naku ya samu shanyewar jiki, ku kai shi asibiti a ranar. Kada ku ja hannun, kada ku ɗaure shi ba da izinin ma'aikaci ba. Ku bar majinyacin ya ci da kansa ko zai zubar da miyar, masu dubiya su faɗi abin da za su faɗa.

In kuma ɗanki kike so a maido maki, buɗe baki ki faɗa. Ni ban faɗa ba.