Turken Akuyar Malam

Shekara tara ke nan da rasuwar mijina, Malam, wanda ya ƙare rayuwarsa yana koyar da lissafi a wata sakandare a Kurfi. Allah Ya jiƙansa. Ni ban wuce firamare ba, amma a kaina yake gwada darasi kafin ya kai wa ɗalibai. Cewa yake in na gane, kowa ma zai gane. Har yau ban san ko yabo ne ko zagi ba.

Akwai turke a tsakar gidanmu inda muke ɗaure akuya, yawan zagayenta har ya fitar da da'ira a ƙasa. Wata la'asar Malam ya kwance ta, ya ajiye duwatsu biyu a bakin da'irar, ya tsuguna a turken da kara biyu, kowanne yana nuna dutse ɗaya. Ni kuma ya tura ni can ɗaya ɓangaren, a bakin da'irar, na nuna duwatsun da nawa karan.

"Binta, ɗaure su yadda suke, ki kawo," in ji shi.

Da ya auna buɗewar nawa a cikin ta nasa, sau biyu ta shiga cif. Na ce dace ne. Ya ce to in matsa. Na koma wajen randa, na koma kusa da madafa, duk dai a bakin da'irar, amma kusurwata ba ta sauya ba, kullum rabin ta tsakiya ce. Ranar tuwona ya kama, kuma shi ya fi kowa mita.

Yanzu jikokina a waya suke kallon wannan darasi. Na san da Malam na nan, da zai yi murna, sannan ya yi tsaki ya ce yaro bai taka ƙasa ba.

Bayan takaba 'ya'yana suka maido ni Dutsin-Ma, wai sauyin wuri zai rage mini kewa. Sun kyauta. Amma na zauna nan, na zauna wajen 'yata a Shema, kewar ba ta ragu ko kaɗan ba.

Watan jiya autana Kabiru ya ce, "Inna, za a shafe tsakar gidan Kurfi da siminti. Turken nan sai an cire shi."

Na ce ya kai ni tukuna. Akuya ta daɗe da mutuwa, da'irar ta shafe. Na sake zana ta da igiya, na ajiye duwatsu, na tsaya a wurina na ɗaure karana. Sai a lokacin na tuna aikin na mutum biyu ne.

"In tsuguna miki a tsakiyar, Inna?"

Na ce ya bar wurin haka. Na daɗe ina kallon turken, na yi kukana. Malam bai bar gini ba, bai bar suna a jarida ba. Abin da ya bar mini shi ne, in na ninka abin da ke hannuna, na san faɗin tasa kusurwar ko ba ya nan.

Na ce wa Kabiru ya cire turken. Karan kuwa na taho da su a ɗaure.