Indararon Inno

A unguwarmu a Shinkafi, duk mai soro ya san hannun Armiya'u magini. Mutum ne mai barkwanci, yana yaɓe yana tsokanar masu wucewa, kuma da bazara shi ake rububi ya duba rufi da indararo kafin ruwa ya sauka.

Sai shekarar da gulbi ya cika ya shigo gari. Armiya'u ya fid da iyalinsa lafiya, amma a kan idonsa garun da ya gina da hannunsa ya rufta wa ƙanensa Sufyanu. Ruwa ya janye, mutane suka koma gyara, shi kuwa ya zama wani iri. Hadari na haɗowa gumi zai karyo masa, gwiwoyinsa su ɗauki rawa, ƙarar faɗuwar garun ta dawo masa kunne. Ko gaisuwar damina ta gagare shi. A ce masa "Ina ruwa?", maimakon "Ya yi gyara" sai ya sunkuyar da kai. Masu surutu suka ce iska ce. Ma'aikaciyar asibiti ta ce firgici ne da ke bin wanda ya ga tashin hankali, ba hauka ba. Damina biyu bai hau soro ba.

Wata la'asar ana tsuga ruwa, matarsa Kulsumu ta faɗo ɗaki a jiƙe.

"Malam, indararon Inno ya toshe, ruwa ya kwanta bisa. Kuma ta ƙiya ta hito!"

Inno maƙwabciyarsu ce, tsohuwa makauniya. Armiya'u ya san in ruwa ya kwanta a kan soro, azara ba ta daɗewa. Ya ɗauki tsani. Yana hawa tsanin na kaɗawa saboda rawar jikinsa, sau biyu yana tsayawa yana salati. Ya rarrafa cikin ruwan ya zura hannu, ya zaro sheƙar tsuntsu da tarin ledoji, ruwa ya ɓalle ta indararon. Da ya sauko ya zauna cikin taɓo yana kuka a gaban jama'a, kuma wallahi ban ga namijin da ya kai shi ba ran nan.

Inno ta lalubo bakin ƙofa.

"Wane na ya hau mini soro cikin ruwan ga?"

"Ni ne, Inno. Armiya'u."

"Ashe tsoron ya tahi, ɗana?"

"Shina nan, Inno. Tare munka hau."